Rasuwar Gagarau, Injin Yankan Itacen Malam Madu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafar da ta kasa tsayawa wuri ɗaya, Malam Madu na unguwar Limanti yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar injinsa na yankan itace, wanda aka fi sani da Gagarau. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi, a bakin aiki, haƙoransa na cikin kututturen aduwa.

Ba wanda ya san shekarunsa. Na hannu ne, an saye shi wurin wani mai katako da ke tattara komatsansa zai bar gari. Malam Madu kuwa bai saya da ka ba. Sai da ya dafa ya ji injin da sanyi, ya ja igiya, ja biyu ya tashi. Ya duba hayaƙi, ya leƙa filogi, ya bi haƙoran sarƙa ɗaya bayan ɗaya. Abu guda ne bai gwada ba, wato yadda muryarsa za ta faɗa a kunnen mutanen da suka sha gudu.

Gonar gadon Malam Madu ta hanyar Dambuwa ta shekara shida ba a taka ta ba, ƙaya da sabara sun mai da ita daji. Bana aka bar manoma su fita, da sharaɗin a wuce shingen sojoji ƙarfe bakwai, a dawo kafin la'asar. In da gatari ɗaya ne, damina za ta zo ta wuce ba a share rabi ba. Ga gida ya gaji da cin geron awo.

Marigayi gwarzo ne, ba ya raina itace, ba ya neman hutu. Aibinsa ɗaya: in ya ce “tirrr, tirrr, rataaa”, ba ka raba shi da babur. Babur kuwa an daɗe da hana shi, mahara ne kaɗai ke hawansa, duk wanda ya ji kukansa a daji ba ya tsayawa tambaya. Ranar farko gonaki bakwai suka watse. Dzarma, maƙwabcin gona, dattijo mai ciwon gwiwa, sai da ya kai shinge ya tuna bai ɗauko takalmansa ba. An yi dariya daga baya, amma shi bai yi ba. Cewa ya yi, “Madu, ko ka rufe wa abin nan baki, ko ka shirya binne ni.”

Kunya ta kama Malam Madu har cikin ransa. Ya naɗe salansar injin, wato bututun hayaƙinsa, da jiƙaƙƙen buhu, ya cusa mata tsumma a baki. Murya ta yi ƙasa, maƙwabta suka sa albarka. Kwana uku marigayi na aiki da numfashi sama-sama, yana tari, jiki zafi rau, mai shi na hangen hadari a gabas yana ƙara matsa masa. A na huɗu ya ce “fut, fut”, ya yi shiru. An garzaya da shi wurin Simon, tsohon bakaniken babura. Ya buɗe, ya girgiza kai, ya tabbatar fistin ya ƙone, shaƙe shi aka yi. Malam Madu bai musa ba, ya san hannun da ya yi aikin.

Gagarau ya rasu ya bar sarƙa biyu, da magagarin wasa haƙora, da rabin galan na fetur da aka gauraya da baƙin mai, da igiyar da har jiya mai shi ke ja ko Allah zai sa. Ya bar sulusin gona a tsaye, da iri a buhu. Ya bar uwargida Ya Falmata, wadda ta riga ta cika baki a unguwa cewa bana tuwon gonarsu za su ci.

Gawa tana ƙarƙashin bencin Simon, mai bukatar wani sashe ya je can. Babu zaman makoki, don mai makokin ya kasa zama: ya shiga, ya fita, ya ɗaga kai ya dubi sama, ga ƙamshin ruwa an fara ji. Duk mai son yin ta'aziyya ya hallara a shinge ranar Asabar ƙarfe bakwai na safe, da katin shaidarsa da gatarinsa. Dzarma ya riga ya wasa nasa. Ya ce shi zai fara sara, tun da dominsa aka yi kisan, kuma gatari dai bai taɓa korar kowa daga gona ba.