Ranar da Na Toshe wa Surukina Iska

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Alhamis a Madina ba, kuma ko na so in manta, surukina ba zai bari ba. A shekarun casa'in ne, lokacin ina karatun digiri na biyu a jami'a, ina ji da kaina kamar babu littafin da ya rage ban karanta ba.

Shekara guda ke nan da na samu na kawo matata Rabi daga Zariya, bayan na sha zirga-zirgar takardu har takalmina ya cinye. Muka kama ɗaki biyu a saman bene a unguwar Harra ta Yamma, a gidan wata dattijuwa da kowa ke kira Hala Zainabu (hala ita ce inna a bakin mutanen can). Kakanninta daga ƙasar Hausa suka tako da ƙafa zuwa aikin hajji suka zauna, ita kuwa a nan aka haife ta. Hausarta rabi Larabci ce, amma faɗanta da kowane yare ta yi shi yana shiga.

Rabi na da cikin fari, wata shida. Sai ga wasiƙa daga gida cewa mahaifinta, Alhaji, zai zo Umra a watan Sha'aban, kuma in zai koma zai tafi da ita goyon ciki kamar yadda aka saba. Dalilin da aka rubuta shi ne an ji labarin sanyin Madina, kuma ɗalibi ba zai iya kula da mai ciki ba, balle mai jego. Wannan magana ta ƙarshe ta ƙona min rai ba kaɗan ba. Ina son a haifi ɗana a Madina, wannan gaskiya ne. Amma babbar gaskiyar ita ce na san in Rabi ta fita, takardun dawowarta za su iya cin shekara ko fiye, ni kuma na riga na saba da tuwo.

Don haka na ƙudura cewa ranar da Alhaji zai tako gidanmu, zai tarar da ɗakin da ya fi kowane ɗaki ɗumi a birnin.

Mutanenmu a gida sun ɗauka Saudiyya zafi ne kawai. To, a shekarun nan Sha'aban ya faɗo a tsakiyar hunturu, kuma sanyin Madina irin mai shiga ƙashi ne, ruwan alwala da asuba sai ka yi shahada. Na tafi haraj, kasuwar tsofaffin kaya, na sayo daffaya, wato na'urar ɗumama ɗaki, irin wadda ake saka mata tukunyar gas a baya. Tsohuwa ce, fentinta ya ɗan kankare, amma da aka kunna min ita na ji ɗumin a ƙwaurina sai na ce shi ke nan, magana ta ƙare.

Ina ta fama da ita a matattakala sai ga Hala Zainabu ta leƙo.

"Ya waladi, wannan abin yana shan iska kamar yadda kake sha," in ji ta. "In ka kunna, lazim ka bar taga a buɗe, ko da yatsa huɗu ne. Kuma kar a yi barci tana ci."

Na ce, "To, Hala." A zuci kuwa dariya nake. Ka sayi ɗumi da kuɗinka sannan ka buɗe masa taga ya fita? Ai wannan ɗiban ruwa da kwando ne. Na ce wa kaina maganar tsofaffi ce kawai, irin wadda ake cewa to a wuce.

Ranar Laraba na tuɓe riga na kama aiki. Na bi gefen taga da salatif, zagaye biyu. Ramin bangon da aka dasa na'urar sanyaya ɗaki yana da 'yan kafofi a gefe, na cusa musu tsumma da tsoffin jaridu. A saman ƙofa akwai wata 'yar kafa mai raga, wadda marigayi mijin Hala ya fasa da hannunsa, ita ma na yanko kwali na rufe, na rataya kalanda a kai don kada a ga muni. Ƙasan ƙofa kuma na tanadar masa tsohon bargo a naɗe. Da na gama na zagaya ɗakin da jiƙaƙƙen yatsa ina neman inda iska ke shigowa, ban samu ba. Wallahi daɗin da na ji a lokacin ko ranar da na ci jarrabawa ban ji irinsa ba.

Rabi na tsaye tana kallona. Ta ce, "Malam, ba Hala ta ce a bar taga ba?"

Na ce, "Hala ta karanta kimiyya ne?" (Ni ma ban karanta ba. Fiƙihu nake karantawa.)

Safiyar Alhamis, tun bayan asuba na kunna daffaya na ja ƙofa, sannan da hantsi na ɗauki tasi na je masauki kusa da Harami na ɗauko Alhaji. Dattijo ne mai ƙarancin magana, in ya ce maka kalma biyar a rana to ya yi hira. Rabi ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon gefe saboda 'yar fari ce, sannan ta sauka ƙasa wurin Hala, inda suke girki a babban kicin. Na shigar da shi ɗaki, na ajiye shi a kan matashi dab da daffaya, wurin da na ga ya fi daraja. Na kawo garwashi a kasko na zuba turare don ƙarin karramawa. Na rufe ƙofa, na tura bargon nan ƙarƙashinta da ƙafa, sannan na zauna a ƙasa can gefe, kaina a sunkuye.

Alhaji ya dubi ɗakin ya ce, "Ɗakin naku da ɗumi."

Na ce a raina, an ci rabin yaƙi.

Na lura wutar daffayar da ta kasance shuɗiya da safe yanzu ta koma rawaya, tana ɗan rawa. Na ga ta fi kyau ma a haka. Gilashin taga kuma yana ta gumi, ruwa na gangarowa. Wannan ma na sa shi a lissafin nasara.

Kwana uku na yi ina shirya jawabin da zan yi masa. Zan fara da falalar Madina, in gangaro kan asibitocin garin, in rufe da ɗumin ɗaki. Na fara lafiya lau. Can sai na ji kaina yana sarawa ta gefe biyu. Na ce fargabar suruki ce. Na ci gaba. Sai harshena ya yi nauyi, zuciyata na tashi. Na saci kallon Alhaji, na ga idonsa a lumshe, ya dafe goshi da hannu ɗaya, carbinsa ya tsaya cak. Na ce Allahu Akbar, jawabina ya ratsa shi.

Daga baya ne na ji cewa shi ma tun da daɗewa kansa ke neman tsagewa, numfashi na yi masa wuya. Amma ta yaya dattijo zai zo gidan surukinsa karon farko ya buɗe baki ya ce ɗakin ya dame shi? Ni kuma ta yaya zan katse magana in miƙe a gaban suruki in ce ba ni da lafiya? Haka muka zauna, ni da shi, kowa na jin kunyar kowa, kowa na jira ɗan'uwansa ya fara. Da mutuwa ta zo a lokacin, da ta same mu cikin cikakken ladabi.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Na dai ji muryar Alhaji kamar daga ƙasan rijiya yana cewa, "Malam, ka faɗi wannan. Sau uku ke nan."

Kunya ta kama ni, na ce bari in zuba masa shayi in gyara. Na yunƙura, ƙafafuna suka ce ba da su ba. Na tafi gaba ɗaya da butar shayi a hannu, na sauka da kaina a kan cinyar surukina. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Kuma ban tsaya nan ba, kokon da na sha da safe ya biyo baya, a kan farar babbar rigarsa.

A daidai lokacin Rabi ta hau da tire. Ta yi sallama ba a amsa ba, ta tura ƙofa ta ƙi buɗuwa, don bargona ya riƙe ta da kyau. Ta ƙwala wa Hala kira. Tsohuwar nan da kullum take kukan gwiwa, ban san yadda ta hau benen ba. Na dai ji an banko ƙofa da kafaɗa, na ji tana ce wa Rabi, "Ke, baya, kar ki shigo!" Ta rufe tukunyar gas, ta yage salatif ta wangale taga, ta fitar da kaskon garwashi, duk tana faɗa da Larabci da Hausa a cakuɗe. Sannan ta kama Alhaji ta fitar da shi sararin bene da mutunci, ni kuma ta ja ni ta wuyan riga.

Wani maƙwabci ya ɗauke mu a motarsa zuwa wani ƙaramin asibiti da ke unguwar, Hala na gaba. Aka jera mu a gado biyu, aka ɗora wa kowa abin shaƙar iska a hanci. Bayan wani lokaci kai ya fara washewa, sai ga likita, wani Balarabe mai ƙaton gilashi. Ya tambayi abin da ya faru, Hala ta zayyana masa, ba ta bar ko kalanda ba. Ya juyo zai yi wa Alhaji bayani, aka ga Alhaji ba ya jin Larabci. Wa zai yi tafinta? Ni.

Likita ya ce wutar gas iskar ɗaki take ci, irin wadda mutum ke shaƙa. In ta ƙare mata sai ta fara fitar da wata guba da ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya ji ciwon kai da barci, ya kwanta bai tashi ba. Na fassara. Ya ce in wutar ta koma rawaya to gargaɗi take yi, garwashi kuma ƙara wa abin ƙarfi yake. Na fassara. Sannan ya ce wanda ya toshe ɗakin nan, ko yaron firamare ya fi shi hankali.

Na ce, "Baba, ya ce a riƙa ɗan kula."

Hala ta ce, "La, ba haka ya ce ba. Faɗa masa daidai."

Na faɗa daidai, kalma bayan kalma, da bakina. Alhaji ya gyaɗa kai kamar an karanta masa abin da ya riga ya sani.

Da likitan ya ji akwai mai ciki a gidan sai ya daina faɗa, ya yi ƙasa da murya. Ya ce da ita ce a ɗakin, abin da ke cikinta ne zai fara galabaita kafin ita ta ji komai. Wannan ban iya fassarawa ba, Hala ce ta yi. A ɗakin nan na shirya Rabi za ta riƙa kwana, a nan kuma na shirya za a shimfiɗe jariri. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na juya fuskata bango na yi hawaye, abin shaƙar iska na hancina.

Bayan la'asar muka dawo gida. Aka zauna a falon Hala, taga a buɗe, Alhaji sanye da wata jallabiyar marigayi mijinta da ta yi masa gajarta. Na riga na sallama, har na fara tunanin wace jaka Rabi za ta ɗauka. Sai Alhaji ya dubi Hala.

"Hajiya, na zo da niyyar tafiya da yarinyar nan, don an ce ba ta da uwa a nan. Na ga tana da ita. Na bar miki ita amana." Ya nuna ni da haɓa. "Wannan ma ki haɗa ki riƙe."

Hala ta ce, "A kaina da idona, na karɓa. Amma daffaya ta zama tawa."

Haka aka yi goyon cikin, daga saman bene zuwa ƙasansa. Rabi ta tattara ta koma ɗakin Hala a ranar, ba ta hau ba sai da ta yi arba'in. Ni kuwa na ƙarasa hunturun ni kaɗai a sama, da bargo biyu da safa, ina jiyo ɗumin daffayata in na sauka karɓar abinci. An haifi 'yata a Madina kamar yadda na so, kuma da aka zo maganar suna babu wanda ya tsaya jin ra'ayina, Zainabu aka sa.

Abin da na koya bai kai shafi guda ba. Duk abin da ke ci da wuta a cikin ɗaki, a bar masa hanyar iska. In kai ya fara sarawa, a miƙe a buɗe ƙofa ko gaban wa ake, a ji kunyar daga baya. In kuma tsohuwa ta ce yatsa huɗu, yanzu biyar nake bari.

Alhaji bai taɓa tayar min da maganar ba, ko sau ɗaya. Sai dai har yau, duk ranar da na je gaishe shi a Zariya, ina yin sallama zai ɗaga kai ya ce wa na kusa da shi, "A buɗe taga, Malam ya iso."