Rasuwar Kawu, Babur Mai Doguwar Kujera

Da zuciya cike da baƙin ciki, da ido kuma a buɗe, iyalan Mudassar Husain na layin bayan masaƙa a nan Sahiwal suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk mai hawa ƙafa biyu rasuwar babur ɗinsu, wanda yara ke kira Kawu. Ya rasu ranar Talata da ƙarfe bakwai da rabi na safe, a kan gadar koramar ban-ruwa, yana da shekara goma sha tara a duniya. Mutum huɗu yake ɗauke da su a lokacin, da jakar makaranta da katin rigakafi. Bai kayar da kowa ba. Sai da ya gangara da su gefen titi, ya tsaya inda ya dace, ya ce “kuf, kuf,” sannan ya yi shiru.

Uwargida Shagufta Parwin ce ta rubuta wannan sanarwa da hannunta, domin sunanta ne a takardun mamacin, kuma domin ta san idan aka bar wa maigidan, layi biyu zai yi ya ce ya gama.

Marigayin ya shigo gidan nan ne shekara bakwai da suka wuce, cikin kayan ɗakin amarya. Wasu iyayen sabo fil suke saya wa suruki, da ledarsa. Mahaifin Shagufta, mai duba lafiyar dabbobi, bai da halin haka, sai ya wanke nasa da ya yi shekara goma sha biyu yana zaga ƙauyuka da shi, ya ɗaura masa jan kyalle, ya koma hawa keke. Tunda ta wajen uwa ya fito, da 'yarsu Ariba ta fara magana sai ta ce Kawu, sunan ya bi shi.

Mai haƙuri ne, ba shi da ci. Da safe bugu ɗaya ake masa ya amsa da “tuk-tuk-tuk” a hankali, kamar dattijo mai gyaran murya a ƙofar gida. Ranakun hazon sanyi yakan nemi bugu uku, kuma ba a taɓa ganin laifinsa ba. Bai iya gudu ba, abin da Shagufta ta fi so a halayensa ke nan. Kujerarsa doguwa ce shimfiɗaɗɗiya, tankinsa a kwance, inda Ariba ke zama gaban babanta ta riƙe tsakiyar kan. A baya uwa take zama a karkace kamar kowace mace a garin nan, ƙafa biyu gefe guda, jinjiri a cinya. Ta wannan gefen marigayin yana da ragar ƙarfe da ta rufe tayar baya, da ɗan matakin da mace ke ɗora ƙafa. Ba a ƙirga sau nawa iska ta kwashi bakin mayafin Shagufta ta kai shi wajen taya ragar nan ta tare ba. Duk wanda ya san abin da ya sami matar tela a hanyar Harappa, da yadda take juya wuyanta har yau, ya san wannan ba ƙaramin alheri ba ne.

Ya bar Ariba mai shekara shida, da Hanzala ɗan wata goma wanda ba ya barcin rana sai an zaga da shi layi sau biyu. Ya bar hular kwano ɗaya mai tsagaggen gilashi, da famfon iska. Ya bar 'yan uwa irinsa kusan arba'in a cikin gari, dukkansu a tsorace. Ya kuma bar Mudassar, wanda ya yi kuka a kan gadar, kukan gaske, Shagufta ta shaida. Abin da ba ta gane ba shi ne yadda da ta zo wankin rigar da ya yi kukan a cikinta ta tarar da takardar tallan sabon babur a aljihu, ninki huɗu, har ta yi laushi don yawan buɗewa.

Game da jinya, iyalan ba sa zargin kowa. Za su faɗi abin da ya faru ne kawai, bi da bi.

Wata biyu da suka wuce, kamfanin da ya haifi marigayin, wanda ba za a ambaci sunansa a takardar makoki ba, ya kafa rumfa a filin kasuwa, wai duba lafiyar tsofaffin babura kyauta. Kawu ya tafi da ƙafarsa lafiya lau. Aka ba Mudassar shayi da hula mai tambari, aka ce ya zauna a inuwa, aka shige da Kawu bayan labule. Shagufta ta yi tambaya ɗaya da ya dawo: “Baban Ariba, ko allura za a yi wa yaro, a gaban uwarsa ake yi. Labulen na mene ne?” Ya ce saboda rana. Bayan mako uku Kawu ya fara tari, ya fara shan baƙin mai kamar lassi, farau-farau ɗin kindirmon nan namu, hayaƙinsa ya koma shuɗi.

Aka kai shi wurin Ustad Buta, bakaniken da ya san cikinsa tun zamanin mahaifin Shagufta. Ya kwance injin, ya daɗe yana kallo, ya ce fiston da ringi ne, aikin rabin yini. Sai dai kamfanin ya daina yin su shekara biyu ke nan. Aka aika Lahor, babu. Aka sami na jabu, suka yi kwana tara. Da Shagufta ta tambaye shi ko a rumfar nan aka yi wa Kawu wani abu, sai ya goge hannu ya ce, “'Yata, ba sai sun taɓa shi ba. Wanda ya rufe kantin magani ai ba ya bukatar guba.”

Abu na ƙarshe: Kawu ya cika da safe. Kafin azahar, kafin a gaya wa ko surukar gidan, saƙo ya shigo wayar Mudassar daga shagon kamfanin, wai suna karɓar tsoho su rage kuɗin sabo, tayin na kwana goma ne. Iyalan suna jinjina wa duk wanda ya fi dangi saurin jin mutuwa.

Masu ta'aziyya sun cika tsakar gida tun Laraba, kuma kamar yadda aka saba, ba a daɗe ana zancen mamaci ba aka koma zancen magajinsa, sabon babur ɗin kamfanin, wanda masu babur suka raɗa wa Kunama saboda bindinsa a sama yake. Chacha Inayat mai madara, da ke rataya tuluna shida a jikin ɗan uwan marigayin, ya ce, “Na zaga Kunamar nan sau uku ina neman inda zan maƙala ƙugiya. Duk roba ce! Ko dai su ci gaba da sayar mini da irin tsohon, ko su koya wa ɓaunar da nake tatsa kai madara gidajen mutane da kanta.” Wakas, ƙanin Mudassar mai shagon waya, ya ce, “Haba Chacha, kamfani ba gidan marayu ba ne. Babur ɗinku ba ya mutuwa, shekara ashirin ba ku koma kun sayi wani ba, me kuke so su ci? Matasa ke da kasuwa yanzu. Kun ga fitilarsa kuwa?” Chacha ya ce, “Na gani, ɗana. Da ita za ka haska wa matarka hanya tana biye da kai a ƙasa.” Wani ya ce ya ji masu kamfanin sun koma hangen kasuwar ƙasashen waje. Ustad Buta ya ce shi dai abin da ya sani, an rufe injin sabon da wasu irin kusoshi da babu sifanarsu a duk kasuwar Sahiwal sai a shagon kamfanin, kuma ba a yi hakan don ado ba. Mudassar yana ta zuba shayi, amma duk lokacin da Wakas ya yi magana kansa yakan ɗan gyaɗa.

Don kada a ce ta yanke hukunci da ka, jiya Alhamis Shagufta ta saɓa Hanzala, ta riƙo hannun Ariba, ta je shagon. Ta gwada zama a karkace a kan Kunama. Kujerar bayan ba ta fi faranti ba, tana can sama, ta zame gaba. Babu raga, babu mataki, tayar a buɗe take tana jiran mayafi. Tankin ya yi tozo, Ariba ta hau ta sulɓe. Manajan shagon, Rana Tanwir, mutum mai fara'a da turare, ya kira ta Baji, wato yaya, ya ce, “Wannan na zamani ne. Iyali ai sai a hau mai ƙafa uku.” Ta ce ta san mai ƙafa ukun da ke zuwa makarantar Ariba, yara goma sha uku yake ɗauka, biyu a maƙale a baya, a hanyar da korama ke gefe ɗaya manyan motocin rake ke ɗaya gefen. Ya yi murmushi ya ce a gaskiya shi kansa da iyalinsa Kunama suke hawa, ba su taɓa samun matsala ba. Ya miƙo mata biro, domin ba a karɓar gawa sai da sa hannun mai takarda. Ta ce tana cikin takaba.

Ga yadda aka tsara jana'iza.

Gawar tana kwance a tsakar gida ƙarƙashin bishiyar gwaiba, an lulluɓe ta da zanen gado mai tsabta. Ana karɓar gaisuwa daga la'asar zuwa magariba. Wanda ya zo da takardar talla ya bar ta a bakin ƙofa tare da takalminsa. Ba a buƙatar addu'ar gafara, ƙarfe ne, bai yi wa kowa laifi ba. A yi wa yaran addu'ar hanya, domin tun Laraba a ƙafa uwarsu ke kai Ariba, minti hamsin zuwa, hamsin dawowa, da jinjiri a kafaɗa.

Ranar Lahadi da hantsi Ustad Buta zai jagoranci rabon gado. Kabireta da kulochi na Chacha Inayat ne, fitila da sarƙa na Master Zahur na makarantar 'yan mata, sauran kuma a raba wa 'yan uwan marigayin gwargwadon ciwon kowa. Gangar jiki da kujera da raga ba sa cikin rabo. Za su zauna a gida har Allah ya kawo wani irinsa da ya karye a jiki injinsa na da rai. Wanda ya ji labarin irin wannan, ko a Okara ne, ya sanar da uwargida kai tsaye, kada ya bi ta kan maigida.

Amma ba a rufe wa kamfani ƙofa ba. Ana gayyatar Rana Tanwir wajen rabon, ƙarfe goma, a kan Kunamarsa, ta hanyar korama, da matarsa a baya a karkace da mayafinta da jinjiri a cinya, da yaro ɗaya a gaba. Idan suka sauka a ƙofar gidan nan su huɗu cif, Shagufta za ta sa hannu a gaban jama'a, ta ba shi gawar har da zanen gadon. An tanadi shayi da soyayyar gurasar paratha na mutum huɗu. Idan shi kaɗai ya zo, kofi ɗaya zai sha, kuma zai taimaka wajen riƙe sifana.