Ƙafar Mota da Ƙafar Kaka

"Lafiya lau na kwana, angona. To ina motar? Ko wannan kwanon sabulun da ke ƙofar gida kake nufi?"

"Tsohuwa, wanke idonki da kyau. A cikinta zan kai ki gidan wani mijin, ni na gaji da ke."

Jikan Kaka ne, wanda kowa ke kira Gajere, ya zo nuna mata motarsa ta farko. 'Yar ƙarama ce, ja, sai sheƙi take yi. Kaka ta zagaya ta da sanda tana kushewa, alhali murna ta cika mata ciki fal. Da ya buɗe mata gidan gaba, sai ta juya baya, ta zauna, ta jawo ƙafafunta ciki. Shi ke nan fa, babu wanda ya taɓa ta.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinta. Tun da gwiwa ta sa ta a gaba, duk motar da za ta shiga sai an ciccibe ta kamar buhu, jama'a na kallo, har ta haƙura da fita. Yau ga mota daidai ƙafarta. Kafin su hau titi ta gama tsara gidajen da za ta leƙa, na ƙanwarta ne farko.

"Ina muka nufa?"

"Wurin mai taya. Ƙafafu zan canza mata, manya, ta tashi sama. Duk wanda ya gan ni sai ya waiwaya."

Kaka ta tuna da gwiwarta. Amma ta buɗe baki ta ce wa wannan ɗan banzan gwiwarta ba za ta iya ba? Ai da ta shiga uku, har jikokinsa sai sun ji labari.

"Dama na sani," ta ce. "Tsawon da Allah ya hana ka shi za ka saya wa mota."

"Ke da ya ba ki, ina yake? Kin lanƙwashe kamar lauje."

Shagon mai taya cike yake da tayoyi har rufi, ga warin roba, ga injin iska yana ta ruri. Aka ba Kaka benci a inuwa. Mai taya ya tsuguna ya karanta lambar da ke jikin tayar, ya ce sha huɗu ce, in an matsa a sa sha biyar. Waɗanda Gajere ya ƙyalla ido a kansu kuwa na babbar mota ne, za su ƙara shan mai, wataƙila ma su riƙa gogar jiki in an karya sitiyari. Gajere ya ce a dai gwada. Mai taya kuwa ciniki ya zo yi, nan da nan ya jawo jak.

"Jariri da takalmin babansa," in ji Kaka.

"Baƙin ciki kike yi don ita ta samu sababbin ƙafafu. Mai taya, kana da na tsofaffi? Ɗaura mata biyu, ko na hannu ne."

"Ƙafafun nan da kake rainawa su suka yi yawo da ubanka a goye, da ƙaton kansa irin naka."

"Shi ya sa suka cinye, ko zane babu. Sai faci."

"Facin ma ya fi ka daraja. Ranar da aka haife ka sai da aka kunna fitila aka neme ka a cikin zani."

Mai taya dariya ta hana shi ɗaure noti. Da aka sauke jak, motar ta tsaya ƙiƙam, ta yi tsayi ba kaɗan ba. Gajere kamar ya yi rawa. Ya zagaya ta gaba, ya zagaya ta baya, ya ɗauki hoto, ya rantse ko cikin manyan motoci aka ajiye ta ba za ta ji kunya ba. Sannan ya buɗe gidan gaba da wani rangwaɗa, ya ce amarya ta shigo a zaga gari.

Kaka ta miƙe. Ta juya baya yadda ta yi ɗazu, sai ta ji kujerar ba ta inda ta bar ta, ta hau sama. Ta riƙe ƙofa ta ɗaga ƙafa, gwiwa ta ce ba ta san zance ba. Ta sake gwadawa, zufa ta karyo mata. Ga mai taya ya goge hannu a riga ya taho, bawan Allah, zai ciccibe ta.

"Ni ba na hawa raƙumi," ta ce.

Gajere ya dubi hannunta a jikin ƙofa, ya dubi ƙafar. Sai ya zura hannu ta taga ya murɗa sitiyari, ya kasa kunne.

"Ka ji? Tana goga."

"Ni ban ji…" Mai taya ya haɗa ido da shi. "Ƙwarai kuwa, tana goga."

"Cire su. Sa min sababbi irin lambarta." Ya juyo. "Ba don ke ba fa, tsohuwa."

"Wa ya ce don ni? Ai na ga kai ma sai ka yi tsalle kafin ka shiga."

Da motar ta dawo ƙasa, Kaka ta juya baya, ta zauna, ta jawo ƙafafunta da kanta. Daɗi ya kama ta har idonta ya kawo ruwa. Ta miƙa wa Gajere sandar ta taga.

"Ungo safayata, na ba ka. Jefa ta a but."

Gajere ya karɓa da hannu biyu yana dariya. "Na sallama, kin ci. Ina za mu fara?"

"Gidan ƙanwata. Kuma ka tuƙa a hankali, so nake a gan ni."