Zanena bisa injunan jami'a

Ni ke shara a jami'a nan Tawa, kuma ba abin da ke wuce idona. Ran da ɗalibai ke rajista na shiga wani ɗan ɗaki. Ba kowa ciki, kilim mai sanyaya ɗaki na ta aiki, injuna na ƙyafta ido cikin sanyi. Na ce wagga ɓarnar kuran, wato wutar lantarki, ba a gabana ba. Na kashe kilim, na lulluɓe injunan da zanena, na fito ina jin na yi wa gwamnati aiki.

Kafin azahar rezo, wato intanet ɗin jami'a, ya mutu. Ga ɗalibai tun daga Barmu sun yi layi, ranar ƙarshe ce kuwa. Isuhu mai kula da injunan sai latsa waya yake.

Na ce masa, "Aiki ya tsaya, kai kana wasa?"

"Inna, abokan sana'ata nike tambaya."

Wallahi mutanen kirki ne! Nan take na Maradi ya amsa, ta Damagaram ta ce ya leƙa ɗakin ya turo hoto. Ya tura musu hoton zanena bisa injunan, ashe zafi ne ya kashe su. Ba su bar shi ba sai da rezo ya dawo, kowa ya yi rajista.

Har yau, in inji ya lalace ko a Agadas ne, tambayarsu ta farko ita ce: "Inna ta biyo ta nan?"