Sabarar Goggo da Bairas Ɗin da Bai Shiga Ba

Ko na manta komai na karatun digirina na biyu, ba zan manta wata Laraba ba. Aikin namu ba wuyar faɗa. Muna rainon ƙwayoyin jikin mutum a faranti mai ramuka, mu ɗiga musu bairas na gwaji wanda aka cire wa dafi. In ya shiga, ƙwayoyin su yi kore shar a madubin ƙara girma. In magani ya tare shi, sai ka ga duhu. Ni ruwan sabara nake gwadawa, wanda Goggona ke dafa wa duk mai mura a Ƙofar Guga.

Na gama zuba sabara, saura bairas, sai wani malaminmu da ya dawo daga Umara ya leƙo. Ya hanya, ya gajiya, ya aka baro mutanen can, Allah Ya maimaita. Na dawo na rufe faranti na sa a ɗumi.

Bayan kwana biyu na duba ramukan sabara: duhu dunɗum. (Ramukan da ba sabara, waɗanda dole su yi kore, ban ko kalle su ba. Ina ni ina ƙananan abubuwa, na gano magani.) Nan take na buga wa Goggo waya. Kafin la'asar maƙwabtanta sun fara sallama da galan, neman ruwan sabara.

Laraba na tsaya gaban ɗalibai da Dakta Binta, mai duba aikina, ni har da sabuwar hula. Ta saurare ni tsaf, ta sa ido a madubin, ta matsar da faranti.

"Nan hwa da babu sabara, mi ya hana shi kore?"

Na soma bayanin da ni kaina ban gane ba. Ta buɗe firji ta ciro 'yar kwalbata, cike, ko murfin ba a taɓa ba.

"Malam, ga bairas ɗinka. Bai tahi ko'ina ba."

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi ciwo.

Da yamma na je na faɗa wa Goggo gaskiya, kunya kamar in nutse. Ta ci gaba da cika galan.

"To, ai dai bai shiga ba," in ji ta.

Yanzu ramin da ba magani nake fara dubawa. Wanda kuma ya gaishe ni ina riƙe da kwalba, kai kawai nake ɗaga masa. An ce na yi girman kai. Na yarda.