Gyaran da Na Yi wa Katin Mudir

Har gobe ina nan a kan bakana: katin nan yana bukatar gyara.

Lokacin ina akawu a wani kamfanin gine-gine a Riyad, farkon zuwan arzikin fetur. Mudir ɗinmu, wato shugaban ofis, Ba'amurke ne mai tara tsofaffin katunan 'yan wasan besbol. Saura kati ɗaya jerinsa ya cika, shekara tara yana nemansa. Ranar da ya iso ta gidan waya, mudir yana wajen aiki a unguwar Shifa, sai ya bugo ya ce in adana masa.

Na buɗe ambulan, na ga kwali ya koɗe, gefensa duk ya cinye. Ni da ko iƙamata, wato katin izinin zama, ba ta taɓa lanƙwasa ba? Na sa almakashi na daidaita kusurwoyin, na lulluɓe shi da salatif, har da gogewa da hannun riga.

Injiniya Bala, abokin aikina, ya leƙo. Sai ya dafe kai.

"Malam, me ka yi? Ai tsufan nan shi ake nema!"

Nan na tuna fasfona yana cikin durowar mudir.

Mudir ya shigo da murna. Ya ɗaga katin, ya juya shi, kunnuwansa suka yi jawur. Can ya ce a hankali, "Ina guntayen?"

Na durƙusa ina tsinto su a kwandon shara, ɗaya bayan ɗaya.

Bai kore ni ba. Amma kafin Juma'a, Hausawan unguwar Dira sun raɗa mini suna Wanzami. Ko ranar ɗaurin auren 'yata, ina shigowa Bala ya miƙe ya ce, "Jama'a, a ɓoye takardar aure, ga Wanzami nan!"