Tiyo a Baki, Suruki a Ƙofa

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ranar da na tarbi surukina da irin tarbar da ko maƙiyi ba a yi wa.

Ni ɗan Haɗeja ne, garin da in an ce kifi, tukunya ake nufi. Amma daga bautar ƙasa a Legas na dawo da wata cuta: kiwon kifin ado a akwatin gilashi. Ba ma na ruwan daɗi ba, na ruwan teku, har da murjani mai rai, wata halittar teku mai kama da dutse, wanda yake buɗewa kamar fure in an kunna masa fitila. Gishirinsa ma daga Kudu ake aiko min. Na kafa akwatin a falo, na haɗa masa sola da fanka saboda zafin garinmu. (Matata Binta ta ce ita da take mutum ba ta samu fankar kanta ba. Kuma tana da gaskiya.)

Wata safiya na ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo masu kalar tsatsa, kamar an watsa riɗi a kan murjanin da jikin gilashi. Washegari sun ƙaru. Da ma na karanta cewa murjani yana hayayyafa in wuri ya yi masa daɗi, don haka nan take na yanke hukunci: haihuwa aka yi. Na faɗa wa Binta, Binta ta faɗa wa mahaifiyarta a waya, kafin la'asar labari ya kai kunnen Baba, surukina, wanda yake fataucin bandar kifi a Guri. Shi kuwa tun da ya ji ina ciyar da kifin da ba a ci yake min kallon tausayi. Ya aiko cewa ranar Asabar bayan azahar zai biyo ya ga dutsen da ya haihu.

Sai bayan nan na tuna na ɗauki hoto na tura wani zauren masu kiwon kifin ado a waya, ina jiran barka. Wata mata daga Fatakwal ta ce in taɓa ɗaya da tsinke. Na taɓa. Abin ya sulale ya yi gaba. Jama'a, murjani ba ya tafiya!

Ashe tsutsotsi ne masu faɗi, irin waɗanda suke maƙalowa a jikin sabon murjani in ba a wanke shi ba kafin a saka. Suna lulluɓe shi su tare masa haske har ya mutu. Ta kuma gargaɗe ni kada in yi gaggawar zuba magani, domin in suka mutu da yawa lokaci guda, dafin jikinsu yana iya kashe kifin. Sai an fara zuƙe su da tiyo, sannan magani, sannan a canza ruwa a sa gawayi a na'urar tace ruwa.

Na ce to, ni da su a gidan nan, sai ɗaya ya fita, kuma ba ni ba ne. Kullum na dawo daga aiki sai in tuɓe riga in ɗauko siririn tiyo. Ka tsoma kai ɗaya a ruwa, ka zuƙi ɗaya kan da baki, da ruwa ya taho ka yi maza ka jefa shi a bokiti, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Na ciro murjanin na girgiza su a kwano. Na zuƙe na gaba, na baya suka fito. Abinci ya huce, Binta ta gaji da kira. Niyyata in Baba ya zo ya tarar da akwati fes, in ce masa jariran ba su yi rai ba. (Ƙarya ce, na sani, amma ƙarya mai mutunci.)

Ranar Asabar da hantsi na hango wani gungu a bayan dutse. Na ce yau ƙarshenku. Daga ni sai singileti da gajeren wando, na durƙusa, na sa tiyo a baki, na ja da ƙarfi. Daidai lokacin da ruwa ya iso bakina na ji an ɗaga labule.

"Salamu alaikum."

Baba ne, cikin farar shadda, da ƙaninsa Kawu Sale a baya. Mota suka samu da wuri.

Kun san ba a barin sallamar suruki a ƙasa. Na buɗe baki in amsa, rabin ruwan ya wuce ciki, rabi ya fito ta hanci. Na zabura in gyara durƙuso, tiyon yana hannuna, ruwa bai daina zuba ba. Ya yi wa Baba layi tun daga wuyan riga har takalmi. Ina tari, ina hawaye, ina cewa, "Sannu da... sannu da..." Zuwan ya ƙi fitowa.

Baba ya dubi ƙirjinsa, inda 'yan jajayen abubuwa suka manne a kan aikin rigar. Ya sa yatsa ya ɗauko ɗaya, ya kai kusa da ido.

"Malam, waɗannan ne jikokin namu?"

Kawu Sale ya fita da gudu. Har daga zaure ina jiyo shi yana dukan bango.

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Amma tsutsotsin nan suna bayan dutse, kuma na riga na rantse. Na goge hanci na ce, "Baba, a yi haƙuri, tsutsa ce, ba haihuwa ba. Kuma in na bar su yanzu za su watse."

Ya ɗan dube ni, sannan ya naɗe hannun riga ya ce, "To ai riga ta riga ta jiƙe. Kawo bokitin."

Haka muka ƙarasa, shi riƙe da bokiti yana nuna min, "Ga wani can, kada ya tsere," ni ina bi da tiyo. Da Binta ta shigo da ruwan sha ta gan mu, sai ta juya ta koma. Bayan 'yan kwanaki na zuba magani, na canza ruwa, murjanina ya sake buɗewa, kifi ko ɗaya bai mutu ba.

Yanzu duk sabon murjani sai ya yi zaman keɓe a wani kwano kafin ya shiga cikin 'yan'uwansa. Na kuma sayi ɗan famfon hannu mai zuƙo ruwa a tiyo. Abin da na koya shi ne, duk aikin da sai ka sa baki za a yi shi, fara sa wa ƙofa sakata.